Wata Bakwai Ina Kwasar Kashin Biri

A Ngaundere muka sauka daga motar da ta kwaso mu daga Garwa, mu shida da mutumin da ya yi mana alkawarin aikin shago a Gabon. Tanimu sunansa. Ni kaɗai ne ɗan Kusada a cikinsu, ni ne kuma babba, don a lokacin na haura arba'in da biyar. A tashar jirgin ƙasa ya ce kowa ya kawo fasfonsa ya riƙe, wai jandarma sun fi sakin mutane da wuri idan takardu na hannun mutum ɗaya. Na kwance nawa daga cikin leda na miƙa masa da hannu biyu, har ina yi masa godiya.

Daga jirgi muka shiga bayan babbar mota, muka yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta koma ja, itatuwa suka rufe sama. A wani ƙaramin gari na masu yankan katako ya sauke mu ƙarƙashin wata rumfa, ya ce mu jira zai nemo motar da za ta kai mu bakin iyaka. Kwana uku muka yi a rumfar, bai dawo ba. A rana ta huɗu biyu daga cikin yaran suka ce za su bi hanya da ƙafa. Ba su yi nisa ba aka kama su a shingen da ke bakin gari, don ba su da takarda. Garin hanya ɗaya ce ta ratsa shi, shinge a gaba, shinge a baya. Sauran ukun suka shige cikin lodin katako wata safiya, ban sake jin labarinsu ba. Ni gwiwata ba ta irin wannan tsalle-tsallen ba ce, na zauna.

Wani tsoho mahauci, Baba Hamadu, shi ya tsince ni. Ya ji ina sallame salla a gefen kwata, ya tsaya ya tambaye ni daga ina. Da na ce ƙasar Katsina, sai ya ce kakansa ma daga can ya biyo shanu ya zo, amma shi bai taɓa ganin wurin ba. Hausarsa duk ta karkace. Ya ba ni wurin kwana a bayan tukubarsa, ni kuma ina wanke masa kayan ciki, ina hura wuta, ina jera tsire. Shekara biyu na yi a haka. Tsakanin shingen nan biyu babu abin da ban haddace ba, har karnukan garin na san su ɗaya bayan ɗaya.

Abincinsu rogo ne da ake naɗewa a ganye, mai tsami, yana kama haƙori. Na ci don kada in mutu. Akwai ranar da wani direba ya zo da ƙullin garin gero daga arewa, Baba Hamadu ya roƙar mini kaɗan, na dama da ruwa a kofi na sha a tsaye, sai da na juya baya don kada a ga fuskata. Idan ya ara mini wayarsa na kira gida, ce musu nake ina Gabon, shago na tafiya, mai gida ne bai sallame ni ba tukuna. Matata Rabi takan ce to, Allah ya sa a dace. Ba ta taɓa cewa ƙarya nake ba, amma daga baya gaisuwarta ta gajarce.

A cikin shekara ta uku wata mata ta zo sayen nama da yawa, da farar mota mai tambari a ƙofa. 'Yar ƙasar ce, ana ce mata Dokta, ni Madam nake ce mata. Ta yi makaranta a Garwa, tana jin Hausa gwargwado. Ta ce wa Baba Hamadu tana neman mutum mai tashi da asuba wanda ba ya shan giya, zai yi aiki a daji. Tsohon bai ko dube ni ba ya ce ga shi nan, amma shi ba albashi ne damuwarsa ba, takarda yake so da hanyar gida. Ta juyo gare ni. Ta ce za ta rubuta wa ofishin jakadancinmu a Yawunde, kuma ranar da aiki ya ƙare akwai kujerata a motar nan, wadda ba a tsayar da ita a shinge. Ban tambayi wane irin aiki ba ne. Na naɗe tabarmata.

Aikin kwasar kashin biri ne. Ba irin jan birin da ke mana ɓarna a gonar gyaɗa ba, waɗansu ne manya, baƙaƙe, ba su da wutsiya, hannunsu kamar na mutum. Madam na kiran su cimfanzi. Kowace yamma sukan hau bishiya su tanƙwara rassa su yi shimfiɗa su kwanta, da safe su sauke nauyinsu daga can sama su wuce. Mu kuma sai mu zo ƙarƙashin shimfiɗun kafin rana ta ɗaga, da safar hannu da takunkumi a baki, mu ɗebi kaɗan da ɗan cokali mu zuba a wata 'yar kwalba mai ruwan magani. Akwai na'ura kamar waya da ake dannawa ta nuna lambar wurin da mutum yake tsaye, sai a kwafe lambar a jikin kwalbar. Aji uku na yi a firamare, lamba dai ina iya kwafewa.

Abokin aikina Pol ne, tsohon maharbi ɗan yankin wanda ya ajiye bindiga. Da turancin broka muke magana, wadda na tsinta lokacin da na yi acaba a Legas. Ran farko ya bar ni a ƙarƙashin wata bishiya ya shiga gaba duba sawu. Kafin ya dawo na tattara duk kashin wurin na tara shi tsibi ɗaya, yadda muke tara taki a bakin gona, ina jiran a yaba mini. Pol ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce kada in ƙara haɗa na wani da na wani, kowanne da kwalbarsa. Daga ranar Pol ya sa mini suna Sarkin Taki. Idan ya ga ina ta dirzar hannu da sabulu kafin alwala, sai ya ce in bar wahala, ai na ɗan'uwana ne. Ni kuma in ce masa kamannin dai a danginsa na fi ganin su.

Sai da na yi wata biyu na tambayi Madam me ake yi da wannan ƙazanta. Ta ce a cikin kashin akwai ɓurɓushin jikin dabbar, idan aka kai ɗakin bincike ana gane wane ne ya yi shi, wace ce uwarsa, da wane garke yake da dangantaka, har a san daga ina kakanninsu suka taso. Ta ce biran nan ba sa iyo. Akwai babban kogi a kudu da mu wanda ya raba su tun zamanin da ba wanda ya sani, har na wancan gefen suka zama wani iri daban. Na wannan gefen kuwa danginsu na can dazukan Taraba. Ta ce, ka ga 'yan ƙasarku ne, Malam Lawal. Ta kuma ce a al'adarsu mace ce ke barin garken da aka haife ta idan ta girma, ta koma wani, shi ke sa jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan na gane shi nan take, don maƙwabcinmu Bafulatani a Mawashi ba ya barin bajimi ɗaya ya daɗe a garkensa, musanya yake da na wata ruga, ya ce in ba haka ba maruƙa na fitowa da laulayi.

Damuwarta na kan wani yanki da muke kira kurmin tsallake. Rafi mai zurfi ya kewaye shi ta gefe biyu, hanyar masu katako ta datse sauran, manyan motoci na bi dare da rana. Biran da ke ciki ba sa fita, na waje ba sa shiga. Sau ɗaya na gan su da kyau. Wata tsohuwa ce zaune a reshe da ɗa a cinyarta, gashin haɓarta ya yi fari, tana ɓare wani ɗan itace tana kallona kamar ta san abin da ya kawo ni. Na ce wa Pol su ma waɗannan Tanimu ya riƙe musu fasfo.

Dajin nan ba a ganin sama a cikinsa. Ni da na tashi inda mutum zai tsaya a gonarsa ya hango mai keke tun daga nesa, nan taku goma ba ka ganin na gabanka. Tufafi ba sa bushewa. Kwarkwasa ta taɓa korar mu daga bukka da rana tsaka. Waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu mai tafiyar awa guda, ranar Juma'a nake hawa da wayar Pol, tunda ba masallacin da zan je.

A wata na shida na hau tudun na tarar da saƙon murya daga ƙanena Sani. Ya ce yayan Rabi, Malam Isiya, ya zo daga Yashe ya kwashe ta da yara, ya kuma kai ƙara. Alƙali ya ce shekara uku ba miji ba cikakken aike, ba a yi wa mace haka ba. Ya ba da wa'adi zuwa mako biyu bayan babbar Salla, in ban bayyana ba zai raba auren. A ƙarshen saƙon Sani ya ce, Yaya, ka bar zancen Gabon ɗin nan, in kana da rai ka taho. Na saurara sau uku. Shekara goma sha tara muna tare da Rabi, ba ta taɓa yin yaji ba.

Na sauko na gaya wa Madam. Ta ce takardata ta fito, tana Yawunde, saura kurmin tsallake kawai. Akwai wani faranti mai ramuka arba'in da ake jera kwalabe, ta ce ranar da ya cika za ta kira direba. Kuma dole ya cika kafin ruwa ya sauka sosai, don gadar da ke kan hanyarmu ta gungume ce, idan rafi ya hau kanta sai bayan wata huɗu. Na duba farantin, kwalba tara ce a ciki.

Kwana biyu bayan haka tarkon waya na mafarauta ya yanke Pol a idon sawu, ƙafar ta kumbura kamar tulu. Madam ta zauna jinyarsa da shirya sauran kaya. Ni kaɗai nake tsallakawa a kwale-kwale. Biran kuma suka ƙaurace, 'ya'yan itacen da suke ci a bakin rafi sun ƙare, sun shige can ciki inda ban sani ba. In yini ina yawo in dawo ba ko kwalba ɗaya. Kowace yamma hadari na haɗuwa. Ina kirga kwanakin Salla a yatsa.

Wata safiya na samu kashi guda babba, sabo, ƙarƙashin shimfiɗa ɗaya tak. Na cika kwalba, na tsaya ina kallon sauran. Na naɗe shi a ganye na sa a jaka. Na yi tafiya mai ɗan nisa, na danna na'ura, na kwafe sabuwar lamba, na cika kwalba ta biyu. Na ƙara gaba na cika ta uku, da ta huɗu. Ba zan ce ban san ha'inci ba ne. Na sani. Amma a kaina na ɗauka abin kamar samfurin hatsi ne a kasuwar Kankia, mai saye ya zura hannu a buhu ya duba, ko sau ɗaya ya ɗiba ko sau biyar gero ɗaya zai gani. Ban haɗa na wani da na wani ba, abin da aka hana ni ke nan. Na ce kashin biri dai kashin biri ne, wa zai cutu? A kwana goma sha ɗaya farantin ya cika. Madam ta tafa mini, Pol daga kwance ya ce lallai sarauta ta dace da mai ita.

Mota ta zo ana yayyafi. Aka ɗora wa Pol ƙafarsa a kan kaya a baya, ni aka ba ni kular da kwalaben ke ciki na rungume a cinya saboda gargada. Madam na gaba, ranta fari, sai hira take. Ba mu kai gada ba ta juyo ta ce ko na san abin da kwalabena arba'in za su yi. Ta ce da su za a ƙidaya biran tsallake, tunda ba mai iya tara su ya kirga. Ta ce in mutum ya je wani ƙauye sau arba'in, kullum fuskoki huɗu yake gani, ya san ƙauyen ya mutu. In kuwa kowane zuwa sai ya ga baƙuwar fuska, da sauran jama'a.

Na ce, “To in aka ga kaɗan ne fa, Madam?”

Ta ce masu katako sun daɗe suna neman kurmin nan, kuma bayan damina hukuma za ta zauna a kai. In biran na da yawa, kuma jininsu na da abin da babu a wani wuri, tana da hujjar da za ta tsaya a kai, har ta nemi a bar musu mashigi su riƙa haɗuwa da na waje. In kuwa huɗu ne ko biyar, kullum su ne dai, za a ce mata sun riga sun ƙare, a bar mutane su ci itace.

Kular nan ta yi mini nauyi a cinya. Muka iso gada, ruwa na lasar gungumen. Direba ya sauka ya taka ya gwada, ya ce yau dai za ta ɗauke mu, gobe bai sani ba. A nan ne ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, sai na ga fuskar Malam Isiya a gaban alƙali, na ga an juya motar, an mayar da ni bukka wata huɗu. Na rufe bakina. Tayoyi suka hau gungume suka sauka.

Kwana biyu muka yi a hanya. Muka ratsa garin Baba Hamadu, na sauka na durƙusa na gaishe shi, ya cusa mini tsire a takarda ya ce in gaida masa ƙasar kakansa. Shingen da ya tsare ni shekara biyu aka ɗage mana shi ba tambaya. Muka ajiye Pol a asibiti. Duk tsawon tafiyar kular na jikina, ko salla zan yi sai Madam ta karɓa da hannunta ta riƙe har in idar. Ta saya mini burodi da shayi, na ajiye ban ci ba, ta ce murnar gida ce.

A Yawunde ta karɓo takardar, ta kai ni tashar jirgin ƙasa da kanta, ta yankar mini tikiti. Sai da na ninke takardar na sa a aljihun ciki na maɓalle shi, sannan na ce ina da magana. Wannan ma ba zan ɓoye ba, sai da na ji ta a ƙirjina tukuna. Muna tsaye a bayan motar na gaya mata duka, da ganyen, da jakar, da yadda nake danna na'ura.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kular ta ciro farantin ta ajiye a bayan motar.

“Wanne da wanne?”

Na bi su da yatsa. Taran farko na gaskiya ne. Sauran talatin da ɗaya daga kashi bakwai suka fito, kuma na kasa tuna wacce ta fito daga wanne. Ta ware su gefe ɗaya bayan ɗaya.

“Yaushe ka gane abin da ka yi?”

“Kafin gada.”

“Malam Lawal, saura kwana nawa wa'adinka?”

Na ce ashirin da uku.

“Da ka faɗa a wurin, da na sa direba ya wuce da kai, ni in koma da ƙafa. Akwai mutanen ƙauye biyu da suka san kurmin. Da na samu kwanakin da suka rage kafin ruwa.” Ta rufe kular. “Ban taɓa niyyar riƙe ka ba. Ni ba Tanimu ba ce.”

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita na yi wa ba, kuma waɗanda na yi wa ba su san ana neman gafara ba. Ta ce da kwalba tara za ta shiga zaman, ta roƙi a ɗaga mata zuwa rani, ba ta san ko za su yarda ba. Daga nan ta nuna mini ƙofar da ake shiga, ta ce in yi sauri kada jirgi ya bar ni. Na miƙa mata hular da ta ba ni ta aiki, ta ce in riƙe.

Na iso Kusada saura kwana goma sha shida. Ban shiga gidana ba, Sani ya ɗauke ni a babur muka wuce Yashe da ƙurar hanya a jikina. Malam Isiya ya bar ni tsugune a zaure tun hantsi har azahar kafin ya fito. Ya tambaye ni abin da na kawo daga Gabon. Na ce ban taɓa taka Gabon ba, kashin biri na kwasa a Kamaru. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ko ba komai yau na faɗi gaskiya. Aka je gaban alƙali aka janye ƙara. Rabi ta dawo ranar wata Laraba da yara, ƙaramar ba ta gane ni ba, ta ɓuya a bayan uwarta.

Yanzu damina biyu ke nan ina noma gonar mahaifinmu. Ban san yadda zaman ya ƙare ba. Lambar Madam na nan a rubuce a bangon ɗakina, Sani ya sha cewa in kawo ya kira mini, ina ce masa ba yau ba. Rabi kaɗai na ba labarin kwalaben nan tiryan-tiryan. Ta gama saurare tana tsince wake a faifai, ta tambaye ni ko tsohuwar nan mai ɗa a cinya tana cikin taran farko. Na ce mata ban sani ba.